Bin salsalar kakanni a Wales: intanet, zuwa da ƙafa, ɗaukar mai bincike ko gwajin DNA?

Duk wanda ya tashi neman asalin kakanninsa a yankin Wales na Birtaniya, ko yana taya miji ko mata ko aboki nema, hanyoyi huɗu ne a gabansa. Zai iya zama a gida ya yi ta tonon shafukan intanet. Zai iya niƙar gari ya tafi gidajen adana tsofaffin takardu da ƙauyen da aka ce can ne tushe. Zai iya biyan ƙwararre ya yi masa aikin. Ko kuma ya tofa yawu a 'yar kwalba ya aika a gwada. Kafin a taɓa aljihu, tambaya ɗaya ce ke raba gardama: ka san sunan ƙauyen, ko gundumar cocin, ko gonar da mutumin ya fito?

Tambayar tana da nauyi ne saboda yadda mutanen Wales suka daɗe suna raɗa suna, kuma Bahaushe ba zai sha wuyar gane shi ba. Kamar yadda Sani ɗan Musa ke zama Sani Musa, ɗansa kuma ya zama Bala Sani, haka su ma ɗa kan ɗauki sunan ubansa. Kalmar "ap" ko "ab" tana nufin ɗan wane, "ferch" kuma 'yar wane. Daga nan ne ap Rhys ya koma Price, ab Owen ya koma Bowen, ap Hywel ya koma Powell, ab Evan ya koma Bevan. Wasu kuma harafin "s" kawai aka liƙa wa sunan uba, aka sami Jones, Evans, Davies, Williams da Roberts. A garuruwa da kusa da iyakar Ingila an tsayar da sunan dangi da wuri, amma a ƙauyukan arewa maso yamma, irin su Caernarfonshire da Merioneth da tsibirin Anglesey, tsohon salon ya kai har cikin ƙarni na 19. Saboda haka John Evans yana iya zama ɗan Evan Jones, kuma ƙauye guda yana iya ɗauke da John Jones da yawa waɗanda ko kaka ba su haɗa ba. Su kansu mutanen ƙauyen da sunan gona ko sana'a suke bambance su. Mai bincike ma abin da zai riƙe ke nan.

Abin da za a auna

Abubuwa biyar ne. Na farko farashi, har da kuɗin da ba a gani sai an shiga. Na biyu ƙarfin hujja: shin abin da ka samo zai tsaya idan wani ya zo ya duba bayan shekara goma, ko kuwa ginin toka ne? Na uku sauƙi, musamman ga wanda ke zaune a Kano ko Maraɗi ko Kumasi, ba a Cardiff ba. Na huɗu haɗari, kuma babbansa shi ne ka kama reshen da ba naka ba ka yi ta hawa. Na biyar, iya shekarar da hanyar za ta kai ka baya.

Hanya ta farko: intanet

Abu mai daɗi game da Wales shi ne manyan kayan aikin da yawa kyauta ne, mutane kuwa kan ruga su biya kuɗi tun ba su leƙa su ba. A rashin sani kaza ta kwana kan dami.

An fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati a Ingila da Wales ranar 1 ga Yuli 1837. Fihirisar tana nan kyauta a shafin FreeBMD, an jera ta wata uku-uku bisa gundumar rajista. Shafin ofishin rajista na GRO ya fi shi da abu ɗaya mai tsada: yana nuna sunan dangin uwa kafin aurenta a kan rajistar haihuwa tun daga 1837. A ƙasar da Jones ya cika ko'ina, sunan uwa shi ne rariyar da ke tace maka. A farashin da aka sa a 2024, hoton shafin haihuwa ko mutuwa fam 3 ne, kwafin PDF fam 8, takardar shaida cikakkiya fam 12.50. Ta aure sai an sayi cikakkiyar, amma ta cancanci kuɗinta, domin tana ba da sunan uban ango da na amarya da sana'arsu da shaidun ɗaurin auren. A kula, kafin 1875 ba a ɗora wa iyaye nauyin kai rajista ba, don haka wasu yaran ba su shiga ba sam.

Sai ƙidaya, wadda ake yi duk shekara goma, mai ɗauke da sunayen mutane daga 1841. Ta 1841 ba ta da ƙarfi: an zagaye shekarun manya zuwa ƙasa biyar-biyar, kuma iyakar abin da ta faɗa shi ne ko an haifi mutum a lardin ko a'a. Ta 1851 ce ta fara rubuta gundumar haihuwa, ita ce ke fitar da sunan ƙauye ga wanda ya baro gona ya koma masana'antar ƙarfe ta Merthyr Tydfil ko ramukan kwal na Rhondda. Daga 1891 ana tambayar harshen da mutum ke ji. Ta 1921 ce ta ƙarshe da aka buɗe, a Janairun 2022. Ta 1931 ta ƙone a gobarar 1942, ba a kuma yi a 1941 ba saboda yaƙi, sai dai rajistar jama'a ta 29 ga Satumba 1939 ta ɗan cike giɓin.

Laburaren Ƙasa na Wales ya saka abubuwa uku kyauta waɗanda ya kamata a fara da su. Akwai tsofaffin jaridu daga 1804 zuwa 1919 a Welsh Newspapers Online, na Turanci da na harshen Welsh. Labaran rasuwa a jaridun Welsh kan jera masu makoki ɗaya bayan ɗaya da dangantakarsu da mamaci da sunan gidan kowa. Akwai wasiyyoyin da kotunan coci suka tabbatar kafin 1858, sau da yawa haɗe da lissafin kayan gado, daga shanu da tumaki har tukwane. Akwai kuma taswirorin ushirin coci a Places of Wales, waɗanda aka zana bayan dokar ushiri ta 1836, akasari a shekarun 1840. Kowane fili yana da lamba a taswira, lambar kuma tana kai ka ga layi guda a littafi: sunan mai ƙasa, sunan mai noma ta, sunan gonar, girmanta da kuɗin da aka yanka mata. Sunan mai ƙasar kada a raina shi, domin shi ne mabuɗin littattafan haya na gidan attajirin, inda za ka ga gona tana wucewa daga uba zuwa matarsa zuwa ɗansa.

Shafukan kuɗi, wato Findmypast da Ancestry, abin da suke sayarwa shi ne hoton ainihin littattafan coci da na ƙidaya. Kuɗinsu yana kai-kawo tsakanin fam 10 zuwa 25 a wata gwargwadon matakin da ka zaɓa, suna kuma sabunta kansu su ja kuɗi idan ba ka kashe ba. Dabara ita ce ka tara tambayoyinka a takarda, ka biya wata ɗaya, ka sauke duk hotunan, ka rufe. Ba kowane katin banki na gida ke wucewa a waɗannan shafuka ba, a gwada tukuna.

Haɗarin wannan hanya uku ne. Masu kwafe tsofaffin takardu zuwa kwamfuta da yawa ba sa jin Welsh, sai su dagula sunayen ƙauyuka, shi ya sa dole a buɗe hoton a karanta da ido. Tsohuwar fihirisar IGI, wadda bayananta suka shiga shafin binciken salsala na FamilySearch, ta ɗauki sunan farko na uba a matsayin sunan dangin yaran da aka yi wa baftisma a Wales kafin 1813, don haka a nemi yaro da sunayen biyu. Mafi muni kuwa su ne jerin salsalar da wasu masu amfani da shafin suka ɗora. Mutum ɗaya ya yi kuskure, hamsin su kwafa, sai ƙarya ta yi kama da ijma'i. Duk reshen da ba a liƙa masa takarda ba, a ɗauke shi jita-jita.

Hanya ta biyu: zuwa da ƙafa

Gani ya kori ji, amma wannan ce mafi tsada. Ga mai tasowa daga Najeriya ko Nijar akwai bizar ziyara da ta haura fam 100, ga tikitin jirgi, ga masauki, ga motar haya, domin ƙauyukan tsakiyar Wales motocin safa ba su cika zuwa ba. Shiga gidajen takardun kansu kyauta ne.

Laburaren Ƙasa yana Aberystwyth, an kafa shi a 1907, tafiyar kusan awa uku ce a jirgin ƙasa daga Birmingham ta Shrewsbury. Katin mai karatu kyauta ne, da shaidar kai da ta adireshi. A nan ake samun kwafin da limaman coci ke aika wa bishop duk shekara, wanda ke ceto idan ainihin littafin ya ɓace ko ruwa ya ci shi. A nan kuma takardun lasisin aure suke, da na babbar kotun Great Sessions da aka soke a 1830, da tarin takardun ɗarikar Methodist ta Kalbiniyawa.

Batun ɗarika shi ne inda intanet ke gazawa. Ƙidayar masu ibada ta 1851 ta nuna mafi yawan masu zuwa ibada a Wales ba cocin gwamnati suke zuwa ba, ƙananan majami'un da ake kira "capel" suke zuwa, masu sunaye irin su Bethel, Salem, Horeb da Ebenezer. Wasu majami'un sun miƙa littattafansu ga gwamnati a wajajen 1837, suna gidan adana takardun ƙasa da ke Kew a Landan yanzu, da yawa kuma ba su miƙa ba. 'Yan Baptist ba sa yi wa jarirai baftisma, don haka kada a ɓata lokaci ana neman ta. Abin da ke taimako shi ne doka: daga 25 ga Maris 1754 zuwa 1837, kowa sai a cocin gunduma yake ɗaura aure, in ban da Yahudawa da 'yan ɗarikar Quaker. Littafin aure shi ne tarun da ya kama kusan kowa. Rahoton shekara-shekara na majami'un ma yana da amfani, domin yana jera mambobi da sunan gidajensu da abin da kowa ya bayar.

Kafin a sayi tikiti a tabbatar da gidan da takardar take. Larduna 13 na tarihi an sake musu fasali a 1974 da 1996, don haka sunan da ke taswirar yau ba shi ne na takardar 1850 ba. Na Glamorgan sun rabu tsakanin Cardiff da Swansea, na Monmouthshire suna Ebbw Vale, na Pembrokeshire a Haverfordwest, na Powys a Llandrindod, na Anglesey a Llangefni, na Gwynedd a Caernarfon da Dolgellau. Wasu ofisoshin kwana biyu ko uku kaɗai suke buɗewa a mako, kuma sai an kama wurin zama. Bakin iyaka ma yana da ruɗu: wasu ƙauyukan Wales, kamar Chirk, an yi musu rajista a ƙarƙashin Oswestry ta Ingila, wasu gundumomin kuma wasiyyoyinsu suna Hereford.

Sunan wuri kansa tarko ne. "Llan" na nufin harabar coci, Llanfair cocin Maryamu, Llanfihangel cocin Mika'ilu, kuma kowannensu yana nan birjik. Llanfihangel-y-Creuddyn tana Cardiganshire, Llanfihangel-ar-Arth tana Carmarthenshire, ma'aikacin ƙidaya kuwa sai ya rubuta "Llanfihangel" ya wuce. Newport biyu ce: ta kudu maso gabas ita ce Casnewydd, ta Pembrokeshire ita ce Trefdraeth. Swansea ita ce Abertawe, Cardigan ita ce Aberteifi. Harafin farko ma yana sauyawa a cikin jimla, Bangor ta koma "ym Mangor", Caerdydd, wato Cardiff, ta koma "yng Nghaerdydd", wanda bai sani ba sai ya yi ta neman garin da babu shi. Gonaki kuma sukan zo biyu-biyu, Uchaf ta sama da Isaf ta ƙasa, Mawr ko Fawr babba da Bach ko Fach ƙarama. Jerin sunayen wurare na tarihi da hukumar kula da kayan tarihi ta Wales ta buɗe a 2017, da taskar Melville Richards ta Jami'ar Bangor, su ne ake dubawa a warware wannan.

A ƙauyen kansa, maƙabarta ce babban littafi. A arewa, inda ake haƙar dutsen allo a Bethesda da Blaenau Ffestiniog, rubutun kabari yakan fito raɗau bayan shekara 150. Kalmomin kaɗan ne: "Er cof am" don tunawa da wane, "priod" miji ko mata, "mab" ɗa, "merch" 'ya, "bu farw" ya rasu, "oed" shekaru, "hefyd" haka kuma, wanda ke nuna an ƙara binne wani a kabarin. Nan da nan bayan suna ake sa sunan gona. Watanni ne ke kayar da baƙo, domin Mehefin Yuni ne, Gorffennaf Yuli, Medi Satumba, Hydref Oktoba, Tachwedd Nuwamba, Rhagfyr Disamba. Kada a shafa wa dutse alli ko a kankare shi, a haska tocila daga gefe sai haruffan su yi inuwa. A duba maƙabartar coci da ta majami'a duka. Majami'u da yawa an rufe su an mayar da su gidajen zama, sai an nemi izini kafin a shiga.

Ta fuskar hujja babu kamar wannan hanya. Haɗarinta shi ne mutum ya kashe kuɗin jirgi ya je Llanfair ɗin da ba tasa ba.

Hanya ta uku: ɗaukar mai bincike

Da ɗan gari akan ci gari. Ƙungiyar ƙwararrun masu binciken salsala ta AGRA, wadda aka kafa a 1968, tana da jerin mambobin da ta tantance aikinsu. Da awa ake biya, galibi wajen fam 25 zuwa 50, ban da kuɗin takardu da na mota. Kafin ka biya, ka tambaya ko yana karanta Welsh da Latin, domin littattafan coci da yawa kafin 1733 da Latin aka rubuta su, William ya koma Gulielmus, John ya koma Johannes. Ka ba shi tambaya ɗaya tak, misali su waye iyayen wane da ya yi aure a gunduma kaza a shekara kaza. Ka yanke awoyin farko, biyar ko goma. Ka sharɗanta rahoto a rubuce mai lambar kowace takarda, har da jerin inda aka duba ba a samu komai ba. Lokacinsa kake saya, don haka ko bai samo ba sai ka biya. Wanda ya yi maka alkawarin kai ka ga sarakunan tsohuwar masarautar Gwynedd ta arewacin Wales tun bai buɗe littafi ba, ka riƙe kuɗinka.

Akwai ƙanin wannan hanya mai araha: ƙungiyoyin tarihin iyali na yankunan Dyfed, Gwynedd, Clwyd, Powys, Gwent da Glamorgan. Kuɗin shekara kaɗan ne, kuma mambobinsu sun kwafe rubutun kaburbura na maƙabartu masu yawa, har da waɗanda yanzu suka goge.

Hanya ta huɗu: gwajin DNA

Mafi sauƙin yi, mafi wuyar fassara. Kuɗinsa bai cika kai fam 100 ba, sakamako yana ɗaukar makonni, kuma ba kowane kamfani ke aika kayan gwaji kowace ƙasa ba. Kason da zai ce maka kashi kaza na jininka daga Wales ne kintace ne, yana canzawa duk lokacin da kamfani ya sabunta lissafi. Amfanin gaske yana cikin jerin dangin da ya haɗa ku. Ana auna kusanci da santimogan, wato ma'aunin yawan DNA da mutum biyu suka haɗa: 'ya'yan wa da ƙani kusan 850, jikokinsu kusan 230, tattaɓa-kunnensu wajen 75. Bayan zuriya biyar ko shida alamar takan dusashe.

A Wales akwai ƙarin cikas biyu. Ƙauyukan da suka daɗe suna auratayya a tsakaninsu sukan sa dangi na nesa ya fito kamar na kusa. Gwajin layin uba kuma, wanda ke bin sunan dangi a wasu ƙasashe, nan sai ya haɗa Evans da Pugh da Thomas a tsatso ɗaya, abin da tsarin suna ya riga ya bayyana. Sai batun sirri: an sace bayanan miliyoyin masu amfani da 23andMe a 2023, kamfanin kuma ya nemi kariyar fatara a Maris 2025. Gwajin yana kuma iya tono abin da iyali suka binne, a yi shawara da manya kafin a yi. In za a yi, a fara da mafi tsufa a gidan.

A taƙaice

| Hanya | Farashi | Ƙarfin hujja | Sauƙi daga nesa | Babban haɗari | Iya nisa |
|---|---|---|---|---|---|
| Intanet | Kyauta, ko fam 10 zuwa 25 a wata, da kuɗin takardu | Mai kyau in an ga hoton asali | Sosai | Kama Jones ɗin wani | Zuwa 1837 cikin sauƙi, sau da yawa 1754 |
| Zuwa da ƙafa | Mafi tsada | Mafi ƙarfi | Da wuya | Zuwa gundumar da ba ita ba | Ƙarni na 18, wani lokaci na 17 |
| Mai bincike | Wajen fam 25 zuwa 50 a awa | Gwargwadon rahotonsa | Da sauƙi | Biya ba sakamako | Daidai da zuwa da ƙafa |
| DNA | Ƙasa da fam 100 | Yana tabbatarwa, ba ya ba da suna | Ya danganta da aikawa | Sirri da kuskuren fassara | Zuriya biyar zuwa shida |

Wacce ta dace da wa

Wanda abin da ke hannunsa suna ne kawai da "daga Wales yake", intanet ce tasa, kuma daga baya-bayan nan zai fara: rajistar 1939, ƙidayar 1921, takardar aure, sannan ya yi ta ja da baya har sunan gunduma ya fito a takardu biyu daban-daban. Idan kakan ya yi ƙaura zuwa Amurka, a fara da can, a duba labaran rasuwa na jaridar 'yan Wales mazauna Amurka, Y Drych, da aka kafa a 1851, domin takan ambaci ƙauyen haihuwa. Zuriyar waɗanda suka tafi Patagoniya ta Ajantina, tun daga jirgin Mimosa na 1865, su ma daga takardun can za su faro.

Wanda ya san gunduma amma ya cije kafin 1837, musamman in dangin 'yan majami'a ne, awoyi biyar na mai bincike mai jin Welsh sun fi masa shekara guda ta biyan shafi. Wanda ke zaune a Birtaniya ya riga ya san ƙauye da gona, ya ware kwana uku: ɗaya a Aberystwyth, ɗaya a ofishin lardi, ɗaya a maƙabarta. Mai zuwa daga Afirka ya ajiye tafiyar sai takardu sun gama nuna masa ƙofar gidan da zai tsaya.

Wanda takardar haihuwar kakansa ta bar gurbin uba fayau, ko wanda ke da John Jones biyu a gunduma ɗaya masu shekaru ɗaya, shi ne DNA zai yi wa rana. Wanda kuma kakansa baƙon matuƙin jirgin ruwa ne daga Afirka ta Yamma ko Somaliya ko Yaman da ya zauna a unguwar Butetown ta Cardiff ya auri 'yar gari, aikinsa kashi biyu ne: ɓangaren matar ya bi hanyoyin da ke sama, na mijin kuwa ya nemi jerin ma'aikatan jiragen ruwa, waɗanda wasunsu ke ofishin Glamorgan a Cardiff, kaso mafi girma kuma a Jami'ar Memorial da ke Newfoundland ta Kanada.